Kamfanin lasisin waƙa da nake aiki da su a Legas: na'urarsu akwai sauri, amma ba ta san kiɗanmu ba

Abokan sana'a da yawa nan Agege da Idi-Araba suna ta tambayata wane kamfani nake bi wajen lasisin waƙa da ɗora waƙoƙin yaran da nake riƙe wa, kuma ya aikinsu yake, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Ba zan kama sunansu ba don ba talla nake musu ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su musu daɗi ba, amma duk wanda yake harkar zai gane irinsu, ofishinsu na ɓangaren Ikeja, kusan komai nasu ta manhaja ake yi. Ni ƙaramin situdiyo gare ni, muna ɗaukar bidiyon biki da suna, muna yi wa 'yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago tallan da ake turawa a WhatsApp da TikTok, sannan akwai mawaƙa 'yan ƙalilan da nake kula musu da ɗora waƙa.

Aiki uku suke yi. Suna da rumbun kiɗa da zaka saya lasisi ka saka a bidiyonka, suna ɗora maka waƙa a su Boomplay da Audiomack da Spotify da YouTube, sannan in kana so zaka iya saka waƙarka a nasu rumbun wasu su saya lasisinta. Duk ukun na'ura ce ke tsaye a bakin ƙofa, mutum sai ka nace sosai zaka gan shi.

Bari in fara da abin yabo don akwai shi, kuma ba kaɗan ba. Sayen lasisin kiɗa wlh ba ya kai ka shan shayi, ka zaɓa ka biya takarda ta shigo imel ɗinka, su saka tasharka ta YouTube cikin waɗanda aka wanke, wato ba za a tuhume ka da satar kiɗan ba, shikenan. Biyan ma da naira ne ta tiransifa, wanda duk ya taɓa fama da katin banki wajen biyan kamfanonin waje masu irin wannan aikin, su Epidemic Sound ko DistroKid, da dala ya san wannan ba ƙaramin sauƙi bane, musamman tun 2023 da aka saki naira dala ta yi sama. Rabon kuɗi tsakanin mawaƙi da mai kiɗa da wanda ya rubuta shima na'urar ke yi, ka saka kason kowa tun farko kowa ya dinga ganin alat ɗinsa, wannan kaɗai ya kashe mun rigingimu da yawa a situdiyo don da ni ake zargi duk wata.

Kuma ta kama mana ɓarawo na gaske. Wani ya kwashi waƙar yarona ya canza mata suna ya manna hoton wata 'yar fim ya ɗora a tasharsa, ba mu da labari sam, na'urar ce ta jiyo ta kuɗin tallan ya dawo wajen mai waƙa. Babu ɗan adam ɗin da zai iya wannan aikin. Kamfanin YouTube da kansa ya faɗa a 2019 cewa sama da awa 500 na bidiyo ake ɗora masa a kowane minti ɗaya, waye zai zauna ya saurara? Tun 2007 suka fito da Content ID, mai waƙa ya ba su kwafin sautinsa, na'ura ta ɗauki tambarin sautin ta adana, duk bidiyon da ya shigo ta gwada, in ya yi daidai mai haƙƙi ya zaɓa ko a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin talla ya zo masa, ko ya dinga bibiyar masu kallo kawai. Kamfanin da nake magana a kai ta wannan hanyar suke saka waƙoƙinmu, sannan suna da tasu na'urar da ke tantance waƙa kafin su tura ta ko'ina.

Toh amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Akwai bikin ɗan wani Alhaji cikin manyan mahautan Oko-Oba da muka ɗauka, kun san mahauta da kalangu sai Allah, an ɗauko wani dattijo makaɗi da yaransa biyu. Ni na tsaya kusa da shi da kyamara, ina ganin yadda yake matse tsarkiyar kalangun a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka yana kiran kirarin ango da na mahaifinsa, gumi na zuba a wuyan rigarsa mutane na manna masa 'yan ɗari biyar-biyar a goshi. Da muka tashi na same shi nace Baba zan saka wannan a intanet, yace ɗana saka, ai don a ji aka yi, na ɗan yi masa ihsani ya sa mun albarka. Na ɗora bidiyon a tashata, dangi na Katsina da Funtua suka kalla aka yi ta murna.

An jima sosai, sai ga sanarwa wai sautin bidiyon mallakar wani ne. Ashe wani yaro ne ya sauke bidiyona ya yanki kiɗan Baba ya mayar da shi mabuɗin waƙarsa, ya ɗora ta wani kamfanin daban ya danna cewa duk nasa ne. Tunda shi ya riga kai sautin rumbun tantancewa, sai ya zama shine mai shi, ni da na riƙe kyamarar na zama mai kwafa, Baba da ya buga da hannunsa ma babu shi a lissafi. Alhaji ya kira ni yace Malam ya ake ta ganin talla a tsakiyar bikin ɗana, kai kake cin kuɗin? Nace ranka ya daɗe ko sisi ba ya zuwa wajena, sai na rasa ta ina zan fara masa bayani.

Nan na koma wajen kamfanin nawa tunda cikin abin da nake biya akwai taimako in an sami irin wannan rikicin. Ka buɗe wajen ƙorafi bot ne zai tarbe ka, wato na'ura mai amsa saƙo da kanta, ya baka zaɓi uku, ko kai ne mai waƙar, ko kana da lasisi ka ɗora takardar, ko kuma waƙar ta zama ta kowa da kowa. Ni a ina zan shiga? Ba ni na buga ba, takarda babu, Baba kuma yana raye da ransa. Na rubuta bayani dogo a akwatin da suka bari, amsa ta dawo nan take cewa a ɗora takardar lasisi. Na sake, ta sake. Har ƙorafin ya rufe kansa wai an warware.

Abin da ya fi ƙona mun rai shine dokar ƙasar nan ta san da irin izinin da Baba ya bani. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce in za a sayar da haƙƙi gaba ɗaya ko a ba mutum ɗaya tak izini to dole a rubuce, amma izinin da ba na keɓewa ba ana iya bada shi a rubuce ko da baki, har ma ana iya gane shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. Kenan maganar Baba izini ce a idon doka, fom ɗinsu ne kawai ba shi da gurbinta. Kuma ku duba, kaso mafi yawa na harkar waƙar Hausa haka take tafiya, da baki, da saƙon murya, da na yafe maka, da tiransifa ba rasit. An gina na'ura a kan tsarin mutanen da komai nasu lauya ke rubutawa, aka kawo mana ita haka ba a taɓa ta ba.

Sai da na hau danfo na je ofishin nasu. A ƙofa ma an so a mayar da ni wai komai ta manhaja ake yi, na tsaya dai har aka haɗa ni da wata ma'aikaciya Bayarabiya a sashen haƙƙi. Wallahi matar nan ta san aikinta. Ta saka abin ji a kunne ta buɗe bidiyona a gefe ta buɗe waƙar yaron a gefe, ta saurari farkon ta dawo baya ta sake saurara, sai ta tsayar ta ce mun ji nan, a cikin waƙar yaron ana jiyo guɗar wata mata da ƙarar janareta a ƙasa-ƙasa, daidai wurin da suke a bidiyon bikin. Waye yake saka janareta a waƙar situdiyo? Ta duba ranar da na ɗora ta duba ranar da tasa ta fito. Ta ce in akwai ɗanyen fayil ɗin kyamara in turo, kuma in samu Baba ya yi magana a saƙon murya ya faɗi cewa shi ya buga kuma ya bani izini, akwai wani ɗan bautar ƙasa ɗan Zariya a ofishin shi ya fassara mata. Ita ta rubuta ƙorafin da hannunta, kuma ta rubuta wa wancan kamfanin kai tsaye. Ta yi mun bayanin cewa a tsarin YouTube wanda ya yi iƙirari yana da kwana 30 ya amsa, in ya ƙi sakewa ana ɗaukaka ƙara, amma a yi hattara don daga nan abin na iya komawa gargaɗi a kan tasha, guda uku kuma rufe tasha ake yi. Bot ɗin bai taɓa faɗa mun wannan ba ko sau ɗaya, kuma shine abu mafi haɗari a duk lamarin. Daga baya wancan kamfanin ya janye.

Na'urar nan kamar maigadi ce da ya haddace fuskar kowa a unguwa amma bai san wanda maigida ya ce ya shigo ba. Tambayar da take amsawa ɗaya ce, wannan sautin da wancan iri ɗaya ne? Waye mai shi, waye ya ba wa izini, da wane sharaɗi, wannan duk ba ta gani. Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba. A rahoton da YouTube ya fitar a ƙarshen 2021, cikin wata shida na farkon shekarar an yi iƙirari sama da miliyan 700, kusan duka ta Content ID, waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma cikin waɗanda aka ƙalubalanta ɗin kusan kashi 60 wanda ya ɗora bidiyo ne ya yi nasara. Ni abin da nake tunani shine mutum nawa ne irin yaranmu da suka ga jan rubutu da turanci suka tsorata suka goge bidiyo kawai. A 2018 wani makaɗi ɗan Ostireliya, Sebastian Tomczak, ya samu iƙirari har biyar a kan bidiyon awa 10 da babu komai cikinsa sai ƙarar shuuu irin ta rediyon da ba a kamo tasha ba. A Amurka kuma wasu mutum biyu a jihar Arizona sun kwashi kusan dala miliyan 23 ta hanyar iƙirarin waƙoƙin mawaƙan Latin da ba nasu ba, shekaru suna ci kafin a kama su.

Matsala ta biyu wadda kowane mai situdiyon Hausa ya sani ita ce kiɗan haɗaka. Mai fiyano ɗaya zai haɗa kiɗa ya ba mawaƙi biyar ko goma, wannan ya yi waƙar amarya a kai, wancan ya yi ta soyayya, wani ya yi ta siyasa, kowa ya san da haka ba wanda ya cuci wani. A ƙa'idar Content ID ba a saka abin da ba kai kaɗai ke da shi ba, amma wa yake dubawa? Danna akwati ne kawai. Wanda ya fara ɗorawa ya danna, sauran tara sun shiga uku. Na'urar kamfanina ta ƙi karɓar waƙar wani yarona saboda haka, ta ce ta yi kama da wata da ke kasuwa, alhali mai kiɗan ɗaya ne, a Kano yake, kuma da na kira shi yace ai na gaya wa wancan ba shi kaɗai na ba wa ba. Nan ma sai da matar nan ta shiga, ta nemi fayil ɗin aikin na FL Studio, manhajar da ake haɗa kiɗa da ita, da rubutaccen saƙo daga mai kiɗan kafin waƙar ta wuce, lokacin bikin da aka yi waƙar dominsa har ya wuce an kai amarya.

Sai kuma ta ɗaya gefen, wanda mutane ba su cika magana a kai ba, abin da na'urar take bari ya wuce alhali bai kamata ba. Wani matashi ya kawo mun waƙa, ina ji na san baitocin marigayi Mamman Shata ne ya ɗauko kusan sukutum ya sauya kiɗa ya saka otocun, abin nan na gyara murya. Yace oga ai na gwada a manhajar ta bani kore. Eh zata baka kore mana, tunda muryarka ce ba ta Shata ba, faifan kawai take gwadawa. Amma haƙƙi biyu ne a kowace waƙa, akwai na faifan da aka naɗa wanda a dokarmu shekara 50 yake yi, akwai na ita waƙar kanta, baitoci da karinta, wanda yake kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ku lissafa, magadansa na nan da haƙƙinsu har 2069. Haka na Ɗanƙwairo, haka na Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Na ce masa ƙanina ni ba zan ɗora wannan ba sai ka nemi iyalansa, ya yi fushi ya tafi. Abin da ya bani tsoro shine a manhajar, alamar koren nan rubutun da ke ƙasanta yana sa mutum ya ɗauka an wanke shi ke nan, yara da yawa haka suka fahimta, kuma haƙƙin mamaci ne ake ci.

Rumbunsu na sayar da lasisi kai tsaye kuwa, nan ne na fi jan kunnen 'yan uwa. Ka saka waƙarka, duk wanda ya biya ya samu takarda nan take, ba wanda zai tambaye ka. Ga kiɗa zalla ba damuwa. Amma akwai wani bawan Allah da nake ɗora wa waƙoƙin begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na karanta sharuɗɗan da kyau sai na ga babu abin da zai hana wani kamfanin caca ko na giya ya saya ya saka a tallansa, ko ɗan siyasa ya saka a kamfen. Abin da suka bari ka iya hanawa 'yan kaɗan ne, kuma na'ura ba ta jin Hausa balle ta san wannan bege ne. Wanda ya zaɓa ma zai iya yiwuwa ba da mugun nufi ba, edita ne a Lekki ya ji amshi mai daɗi da mandiri ya ce wannan zai dace da tallan arewa. Ranar da hakan ya faru ba kuɗi za a yi magana ba, mutuncin mawaƙin ne a unguwa da zawiyya, kuma ba a janye lasisin da aka riga aka sayar. Mutum mai hankali da ya san mutanenmu minti ɗaya zai ce a'a.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata mun rai, fom ɗin suna ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, sai ya mayar da su alamar tambaya, shi yasa mawaƙi ɗaya zaka same shi da shafi biyu a Spotify masu saurare sun rabu.

Sannan ga masu ɗakin taro da otal da wuraren shan shayi masu saka waƙa, kar ku ɗauka takardar kamfanin nan ta rufe ku. Lasisin saka waƙa a bidiyo daban, na kunna ta a bainar jama'a daban, wannan na ƙungiyoyin karɓar haƙƙi ne da hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa (NCC) ke ba izini, irin su MCSN, ita kuma wata ƙungiyar mai suna COSON a 2018 ta shiga rigima da hukumar a kan lasisinta. Na tambayi bot ɗin wannan ya turo mun shafin farashi. Matar ce ta zauna ta rarrabe mun.

Kuma abin da ke damuna da kamfanin kenan, suna da mutanen da suka iya amma sun ɓoye su. Sashen haƙƙin nan da na gani 'yan mutane ne ƙalilan a ɗaki ɗaya, babu Bahaushe ma'aikacin dindindin ko ɗaya, ɗan bautar ƙasan nan in ya gama shekararsa shikenan. Ni ina Legas zan iya shan gosulo in je in tsaya a ƙofa, yaron da ke Gusau ko Azare fa? Lambar waya babu, maɓallin da zaka danna ka ce ina so in yi magana da mutum babu, sai ka san wani a ciki. Ban ce su cire na'ura ba, ba zai yiwu ba kuma ni kaina ina cin moriyarta kullum, amma duk ƙorafin da ya dawo karo na biyu ai ya kamata ya faɗa teburin mutum, kuma kafin a karɓi iƙirarin kiɗan gargajiya ko na haɗaka wani ya saurara da kunnensa.

Zan sabunta da su bana saboda biyan naira da rabon kaso da kuma matar nan, in ta bar wurin zan sake tunani. Ga mai sayen kiɗan talla kawai, shiga ba fargaba. Ga mai waƙa, yanzu a situdiyona ba mai fita sai an cike 'yar takarda shafi ɗaya da Hausa, wa ya yi kiɗa, wa ya rubuta, an ba wani kiɗan ko ba a ba ba, kowa ya sa hannu in ɗauki hoto, makaɗin gargajiya da ba ya rubutu kuma in ɗauke shi a bidiyo yana faɗa da bakinsa. Ɗanyen fayil ba na gogewa. Akwatin Content ID ba na danna shi sai mai kiɗa ya tabbatar mun ba wanda ya ba wa. Waƙoƙin bege kuma na cire su daga rumbun sayarwa gaba ɗaya, na rubuta musu cewa ba za su koma ba sai sun saka tsarin da za a turo mun sunan mai saye da abin da zai tallata in amince tukuna, sun ce sun miƙa wa masu gina manhaja.